Wutar Idon Kyanwa: Aljani Ne, Ko Aya Ce Daga Ayoyin Allah?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dare da rana, Ya kuma ba kowace halitta irin idon da ya dace da rayuwarta. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Musabbabin wannan rubutu

Wata safiya muna tsakiyar darasin Ahalari a makarantarmu ta Islamiyya a nan Tungar Daji, sai na lura ajin ya ƙi natsuwa, ana ta raɗe-raɗe a sahun baya. Da na matsa da tambaya, sai wani yaro ɗan kimanin shekara 12 ya miƙe yana alfahari, ya ce: "Malam, jiya mun kashe mayya." Na ce ya ba ni labari. Ya ce suna dawowa daga karatun dare shi da ƙanensa da wasu abokansu, sai ya haska tocila a kan dangar wata tsohuwa, ya ga wuta biyu koraye shar suna kallonsa. Ƙanen nasa da ke tsaye can gefe ya ce shi dai baƙar kyanwa kawai yake gani, ba wata wuta. Wannan saɓani shi ne ya zame musu hujja. "Malam, ai abin da ke bayyana ga wani ya ɓoye wa wani, ba kyanwar Allah da Annabi ba ce." Suka bi ta da jifa har ta mutu. Da gari ya waye aka ji tsohuwar tana kwance da ciwon ƙafa, kafin azahar magana ta zaga unguwa cewa ita ce ta rikiɗa.

Na daɗe ban ji abin da ya sosa mini rai kamar wannan ba. An kashe dabbar da ba ta ci ba ba ta sha ba, an kuma ɗora wa baiwar Allah mai sallah da azumi tambarin maita, duk a kan abin da ɗan aji uku na sakandare ya kamata ya iya bayaninsa. Abin da ya fi ƙona mini zuciya shi ne, yaran da suka aikata haka ɗalibaina ne, kuma a ganinsu jihadi suka yi. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja a nan, shi ne cewa ƙyallin idon dabba da dare aya ce daga ayoyin Allah, tana da sababi sananne wanda kowa zai iya gwadawa a gidansu. Kuma barin yaranmu cikin jahilcin irin waɗannan abubuwa sakaci ne daga gare mu, mu malaman addini, kafin kowa.

Ido ba fitila ba ne

Mu fara da tushen ruɗanin. Wanda ya ga idon kyanwa (ko mussa, kamar yadda muke cewa a nan yammacin Zamfara) yana ƙyalli, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne wuta ce ke fitowa daga cikinsa. Wannan zato tsoho ne ƙwarai, kuma manyan masana sun faɗa cikinsa. Malaman Girka irin su Uƙlidis da Baɗlamus sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da wani haske ya je ya taɓa abu, sannan a gan shi. Har malaminmu Alkindi na Bagadaza ya goyi bayan wannan ra'ayi.

Wanda ya warware wannan ƙulli shi ne Alhasan ɗan Alhaisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, wanda ya rubuta tsakanin 1011 da 1021, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Daga cikin hujjojinsa akwai abin da kowa ya sani: in ka kalli rana idonka zai yi zafi, in ka ɗauke kai kuma za ka ci gaba da ganin tabonta na ɗan lokaci, wannan alama ce ta abin da ya shigo daga waje ya yi tasiri. Bai tsaya ga hujjar hankali ba, sai da ya jera fitilu a gaban wata ƙaramar kafa ta ɗaki mai duhu, ya nuna kowace fitila tana jefa nata ɗigon haske a bango ta miƙaƙƙen layi, in an rufe fitilar ɗigonta ya ɓace. An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, kuma a 2015, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin haske, an yi bikin cikarsa shekara dubu.

To, in ido ba ya fitar da haske, daga ina wutar idon kyanwa take zuwa? A 1810 wani masani mai suna Benedict Prevost, a ƙasar Faransa, ya nuna cewa in aka sa kyanwa a cikin duhu na haƙiƙa, wanda ko ƙyas babu haske, idonta ba ya ƙyalli ko kaɗan. Ke nan hasken da kake gani naka ne, na tocilarka ko na fitilar babur ɗinka, aka dawo maka da shi. Akwai halittar da ke ƙera nata haske da kanta, kamar maƙesun da muke gani da damina a bakin fadama. Amma kyanwa da kare da kura ba sa cikinsu.

Shimfiɗar da ke bayan ido

Bari mu bi haske mu ga inda yake zuwa. Yana shiga ta ƙofar ido, wato ɗan baƙin ɗigon nan na tsakiya, sai ya ratsa wata ƙwaya garai-garai da Larabawa ke kira adasa, wadda aikinta shi ne tattara haske wuri ɗaya. Daga nan sai ya sauka a kan wani siririn tantani da ke bangon baya na ido, wanda a Larabci ake ce masa shabakiyya. Mu kira shi tantanin gani. A jikin wannan tantani akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama haske, iri biyu. Masu siffar mazurari su ne ke rarrabe launi da ƙananan abubuwa da rana, masu siffar sanda kuma su ne ke aiki in haske ya yi ƙaranci. A idon ɗan Adam kaɗai akwai masu siffar sanda sama da miliyan 90.

Sai dai ba dukkan hasken da ya shigo ne waɗannan ƙwayoyi ke kamawa ba. Wani kaso yana zarcewa ta tsakaninsu. A idona da naka, abin da ya zarce yana faɗawa ne kan wani baƙin shafi da ke baya, ya shanye shi, shi ke nan ya tafi. A idon kyanwa kuwa Allah Ya shimfiɗa wani abu mai kama da madubi a bayan tantanin gani. Masana na kiransa tafetum lusidum da harshen Latin, ma'anarsa shimfiɗa mai haske. Hasken da ya kuɓuce wa ƙwayoyin a shigarsa, sai ya daki wannan shimfiɗa ya dawo, ya sake ratsa su karo na biyu. Wanda aka kama a dawowar ya ƙara wa dabbar gani, wanda ya sake kuɓucewa kuma ya fito ta ƙofar ido. Shi ne wutar da yaran nan suka gani a kan danga.

Da wannan shimfiɗa, haɗe da yawan ƙwayoyi masu siffar sanda da faɗin ƙofar ido, kyanwa tana iya gani da kimanin kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum ke buƙata. Dubi ƙofar idonta da tsakar rana, za ka gan ta a tsuke kamar tsagar reza; da dare kuwa ta buɗe ta zama da'ira. Wani bincike da Martin Banks da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya ambata cewa faɗin wannan ƙofa a kyanwa yana iya ninkawa har sau 135, alhali na mutum bai wuce sau 15 ba.

Wani zai ce, to don me mu ba a ba mu ba? Amsar tana cikin hikimar rabo. Hasken da ya je ya dawo yakan ɗan watsu, sai hoton ya rage kaifi. Kyanwa ta samu ganin dare, amma ba ta kai ka ganin ƙananan abubuwa da rana ba. Kai da aka halitta domin ka karanta wasali da ɗigo a allo, ka zura zare a allura, ka gane fuskar ɗan'uwanka daga nesa, an zaɓa maka kaifin gani. Birai ma, da alade da kurege da mafi yawan tsuntsaye, ba su da wannan shimfiɗa. Kowa da abin da aka auna masa.

Me ya sa mai tocila kaɗai ya gani?

Yanzu mu zo kan hujjar da yaran suka fi dogara da ita. Haske yana da wata ɗabi'a: hanyar da ya bi ya shiga, ita zai bi ya fita in aka juyo da shi. Adasa ta tattara hasken tocila ta ajiye shi a ɗigo ɗaya a bayan ido. Da shimfiɗar ta maido shi, sai ya sake bi ta adasar, ita kuma ta miƙa shi kai tsaye zuwa inda ya fito, wato wajen tocilar. Saboda haka wanda idonsa ke kusa da tocila shi zai ga wutar sosai, wanda ya tsaya taku biyar a gefe kuwa kyanwa kawai zai gani. Babu wanda aka buɗe wa ido, babu wanda aka rufe wa. Da ƙanen ne ya karɓi tocilar, da shi ne zai ga "aljanin".

Maharbanmu sun san wannan tun kafin mu karanta shi a jami'a. Shi ya sa suke ɗaura fitila a goshi, domin haske ya fita daga dab da idonsu ya dawo nan. Na taɓa zama da wani dattijon maharbi, na ce: "Baba, yaya kuke gane dabba a duhu?" Ya ce: "Malam, ido ke faɗa mana. Tsawonsa daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin biyun, da launinsa, da yadda yake motsi. Na gada daban, na dila daban, na zomo ja-ja ne." Mutumin da ya kwana a daji shekara arba'in bai kira shi aljani ba, sai mu da ke kwana a ɗaki.

Wannan ka'ida ce kuma ta bayyana dalilin da ya sa ƙofar idon mutum take baƙa ƙirin in ka dube ta. Kafin ka ga cikin idon wani, dole haske ya shiga daga daidai inda kake, kai kuma kanka ya tare wannan hanya. A 1851 Bajamushen nan Hermann von Helmholtz ya fitar da na'urar da ta magance wannan matsala, ta hanyar karkata gilashi ya aika haske ta layin da idon mai dubawa yake. Jikanyar wannan na'ura ce likita ke leƙa idonka da ita a asibiti. A Ingila kuma wani mai suna Percy Shaw, mutumin garin Halifas, ya yi rajistar wasu ƙananan gilasai da ake dasawa a tsakiyar titi a 1934, masu maido wa direba hasken motarsa, kuma sunan da aka sa musu shi ne idon kyanwa. Ɗan jan gilashin bayan keke da allunan hanya masu ƙyalli duk aiki ɗaya suke yi. Har a kan wata, 'yan sama-jannatin Amurka sun ajiye irin wannan madubi a 1969, masana na harba masa haske daga ƙasa ya dawo, su auna nisan da ke tsakani. Abu ɗaya muka gani mu da su. Su suka tsaya suka yi tambaya, mu muka ɗauki dutse.

Sirrin launin

Saura launi. Shimfiɗar ba madubin gilashi ba ce. Jeri ne na siraran shafuka bisa juna, kaurinsu daidai da ma'aunin zangon haske. Hasken da muke gani yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 zuwa 700, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kowane shafi yana maido ɗan kaɗan. Launin da zangonsa ya dace da tazarar shafukan sai igiyoyinsa su haɗu su ƙarfafi juna, sauran launuka kuma su raunana juna. Irin abin da ke faruwa ke nan in ɗigon fetur ya zuba a kan ruwa, ko a jikin kumfar sabulu, ka ga launuka alhali fetur da sabulu ba su da su.

Kayan ginin shimfiɗar sun bambanta. A kyanwa ƙwayoyin halitta ne cike da ƙananan sanduna masu ɗauke da tutiya da sinadarin bitamin B2, shi ya sa nata ke bayar da kore mai ratsin rawaya. A saniya da tunkiya da akuya da doki, zarurruka ne na kolajin, wato irin abin da aka gina jijiya da shi, aka jera su reras. A kada da kifaye da yawa kuwa ƙananan duwatsu ne na sinadarin guwanin, wanda shi ne ke sa jikin kifi walƙiya kamar azurfa. Masuntan Gulbin Zamfara da Gulbin Ka sun san jan idon kada a saman ruwa. Hatta wasu gizo-gizo na ƙasa suna da shi: ka ɗora tocila a goshinka ka haska ciyawa da damina, za ka ga ɗige-ɗige kamar raɓa. A can ƙarshen arewacin duniya akwai wata dabba dangin barewa da ke rayuwa cikin ƙanƙara, wadda masana suka ruwaito a 2013 cewa shimfiɗar idonta ruwan zinariya ce a watannin da rana ba ta faɗuwa, sai ta koma shuɗiya a watannin duhu. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ƙaddara Ya shiryar.

To, ina batun aljanu?

Na san wani ɗan'uwa zai ce: "Malam, boko ya sa kana musun aljanu ke nan?" A'uzu billahi. Samuwar aljanu tabbatacciya ce, akwai sura sukutum da sunansu, wanda ya musanta su ya ƙaryata Alƙur'ani. Na kuma san hadisin Abu Zarri a Sahihu Muslim game da baƙin kare, na san cewa wasu malamai sun ambata aljani na iya ɗaukar siffar dabba. Ban zo in rushe ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Tambayata ita ce: mene ne hujjarka cewa wannan kyanwar, a wannan daren, aljani ce? In ka ce ƙyallin ido, to ragon layyarka ma idonsa na ƙyalli, haka saniyar da kake shan nononta, haka dokin Sarki. Alamar da ke jikin kowace akuya a garin nan ba ta isa ta zama shaidar aljani ba. Aya ta 27 a Suratul A'araf ta sanar da mu cewa asalin al'amarinsu shi ne suna ganinmu mu ba ma ganinsu. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da ilminsa, ta kuma gargaɗe mu cewa za a tambayi ji da gani da zuciya. Hatta macizan da ake samu a cikin gidaje a Madina, hadisin Abu Sa'idil Khudri ya nuna an yi umarni da a yi musu gargaɗi tukuna kafin a kashe. Ko a inda zaton aljani yake da asali, Shari'a jinkiri ta koyar.

Ga kuma darasi mafi girma. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne. Wannan fassara ce da za ta ƙara masa girma a idon jama'a, amma duk da baƙin cikin da yake ciki ya miƙe ya gyara musu, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Buhari da Muslim duk sun ruwaito. Wanda ya ƙi yarda a jingina abin da ke sama ga sababin ƙarya, ba zai yarda a jingina abin da ke idon kyanwa gare shi ba. Kuma kada mu manta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shafe kimanin shekara biyar a ƙasar nan ta Zamfara yana wa'azi, babban ɓangare na rubuce-rubucensa kuwa yaƙi ne da miyagun al'adu da ake sa wa rigar addini. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu a kan magunguna har da cututtukan ido. Gadonmu ke nan.

Farashin rashin sani

Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu. Farashin farko shi ne alhakin dabba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa, kuma Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a gidajenmu. Farashi na biyu shi ne mutuncin Musulmi. Kalmar "mayya" in ta manne wa tsohuwa, ta manne wa 'ya'yanta da jikokinta, har aure sai ya gagare su. Suratul Hujurat ta yi mana kashedi da zato, ta kuma umarce mu da bincika labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci.

Farashi na uku shi ne wanda nake roƙon kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Idon ɗan Adam ba shi da waccan shimfiɗa. In aka ɗauki hoto da walƙiyar kyamara, yakan fito ja ne, saboda jinin da ke bayan ido, kuma wannan lafiya ce. Amma in ka ga ƙofar idon ƙaramin yaro tana ƙyalli fari ko rawaya kamar na kyanwa, a hoto ko da magariba, musamman ido ɗaya, to kada a ce iska ce ta shafe shi, kada kuma a ce baiwa ce. Yana iya zama yanar ido, yana kuma iya zama sankarar tantanin gani, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. A ƙasashen da ake gano ta da wuri, fiye da yara 9 cikin 10 suna rayuwa. In aka yi jinkiri kuwa takan ci ido ta ci rai. A gaggauta kai shi wurin likitan ido, ko da zai kai ga Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A yi addu'a a hanya.

Mu mutanen Tungar Daji bai kamata a tsaya koya mana muhimmancin neman sababi ba. A 2010, ina saurayi, yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a nan da Dareta da Abare da Sunke, da 'Yargalma da Tungar Guru ta ƙasar Bukkuyum. Aƙalla yara 400 aka rasa a yankin. Mun yi addu'a, kuma wajibinmu ne; sai Allah Ya kawo amsar ta hannun likitocin ƙungiyar MSF da gwajin jini, aka gano gubar dalma ce daga ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, aka ba yara magani, mutuwar ta ja baya. Da an rufe ƙofar tambaya da kalmar "iska", da kaburburan sun fi haka yawa.

Kira ga 'yan'uwana malamai da ɗalibai

Alƙur'ani ya yi ta kiranmu mu dubi raƙumi da ƙudan zuma da tsuntsaye a sararin sama. Muna karanta waɗannan ayoyi da tajwidi mai daɗi, amma sau nawa muka fita da ɗalibai suka duba? Ina ganin kowace Islamiyya za ta iya ware rabin sa'a a mako domin tafakkuri a aikace, ba tare da an sayi komai ba. Ga gwaji uku. Na farko, a shiga ɗaki da kyanwa a toshe duk wata kafa, a ga ko idonta zai yi wuta. Na biyu, a tsaya a turken awaki a cikin gida bayan isha'i, ɗaya ya riƙe tocila dab da kuncinsa, ɗaya ya matsa gefe, sannan su yi musaya. Na uku, ranar Babbar Sallah, kafin a babbake kan rago ko na sa, babba ya cire ido ɗaya ya tsaga shi da reza. A bangon baya za a ga wani shafi mai walƙiya, shuɗi-shuɗi kore-kore. Gani ya kori ji.

Ga masu babur da mota kuma, in kana kan hanyar Anka zuwa Daki Takwas ko Gummi ka hango ɗigo biyu suna ƙyalli, ka rage gudu. Dabba ce, haskenka ya dallare idon da aka shirya domin duhu, shi ya sa take tsayawa cak ba ta kaucewa.

Kammalawa

Gwaji na biyu shi na yi da ɗalibaina a gidan mahaifin yaron, da izininsa. Da ƙanen ya karɓi tocila ya ga idanun awakinsu guda takwas sun kama wuta, sai ya ce: "Yaya, ashe duk gidanmu aljanu ne!" Kowa ya yi dariya, ban da wanda ya fara jifa, shi kam ya sunkuyar da kai. Kashegari muka tafi gaba ɗaya gidan tsohuwar, ɗauke da 'yar kyanwa a kwali. Na durƙusa na ce: "Inna, mun zo neman gafara, ni da yarana." Ta ce: "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Malam. Ƙafar nan sanyi ne, shekara goma ina fama da shi. Ku dai ajiye ta kusa da rumbu, tun ranar ɓeraye suka samu sake." Yaran ta yafe musu, manyan da suka yaɗa maganar kuwa, har yau ban ji wanda ya je ba.

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka sake haɗuwa da wuta biyu a duhu, ka ambaci Allah, domin ambatonSa ya dace da kowane hali. Sannan ka ɗan matsar da tocilarka gefe ka ga abin da zai faru. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.